Ko Ka Sani? Injin Da Ke Mayar Da Ruwan Teku Ruwan Sha

Ko ka san akwai jiragen ruwa na yawon shaƙatawa da ba za a bar ka ka hau da ko gorar ruwa ɗaya ba? Tun 2016 kamfanin Norwegian ya hana fasinja shiga da ruwa ko lemo, sai mai damawa jariri madara ko mai wata na'urar jinya. Kamfanin Carnival kuwa a 2015 ya ce ban da na gora, amma ya yarda da gwangwani ko kwali guda 12, su ma sai a rufe. Royal Caribbean ya amince da guda 12 ga kowane ɗaki, kada ɗaya ya wuce rabin lita.

Mutumin Maiduguri, wanda a watan Afrilu ko Damaturu za shi sai ya tanadi ruwansa a mota, zai ji wannan doka kamar mugunta. Carnival ya ce wasu ne ke ɗura barasa a gorar ruwa su shige da ita, binciken gora ɗaya bayan ɗaya kuma na tsayar da layi. Gaskiya ne. Sai dai ruwa ba ya tsami banza, domin duk lemon da ka shigo da shi ciniki ne ya kuɓuce wa kantin jirgin. Ƙishirwa dai ba ta cikin lissafi. Ruwan famfon jirgin kyauta ne, kuma yawancinsa a cikin jirgin ake yin sa.

Duba jirgin Icon of the Seas da ya fara jigila a Janairun 2024. Tsawonsa mita 365, yana iya ɗaukar fasinja 7,600, ga ma'aikata sama da 2,000. Sha da wanka da girki da wankin zannuwan gado na wannan taron ya haura lita miliyan ɗaya a rana, wato jarka mai lita 25 guda 40,000. Mai moya nawa zai turo wannan? In aka ce a loda na mako guda a tasha, ruwan kaɗai zai cinye wuri mai yawa a jirgin.

Ga ruwa kuma ko'ina, amma ba shi shayuwa. Masuncin Baga yana iya kamfatar ruwan Tafkin Chadi ya sha, don ruwan daɗi ne. Teku daban take: kowace lita tana ɗauke da gishiri wajen giram 35, Bahar Maliya ma ta kai 40. Ƙodar ɗan Adam ba ta iya fitar da wannan gishiri sai ta haɗa da ruwan da ya fi wanda aka sha yawa. Shi ya sa wanda ya sha ruwan teku ƙishirwarsa ƙaruwa take yi.

Hanya biyu ake bi a raba ruwan da gishirinsa. Ta farko kowace mai girki ta san ta: ɗaga murfin tukunyar miya, ɗigon da ya taru a jikinsa babu gishiri a ciki, domin tururi ba ya tashi da gishiri. Dabarar jirgi ita ce ba ya hura wata wuta ta musamman. Manyan injinansa suna da ruwan da ke zagayawa yana sanyaya su, wanda ke fitowa da zafin wajen digiri 80, zafin da a da zubar da shi ake yi. Sai dai ruwa ba ya tafasa a digiri 80, sai 100. To, sai a zuƙe iskar da ke cikin tukunyar ƙarfen, domin in iskar da ke danne ruwa ta ragu, tafasa ba ta yi masa wuya. Nan da nan ruwan teku zai ɓararraka a digiri 50 zuwa 60. Tururin ya tashi ya ci karo da bututai masu sanyi, ya koma ruwa, ya ɗiga a tire. A bakin fita akwai ma'auni da ke ɗanɗana ruwan ba dare ba rana, da ya ji gishiri ya wuce ƙima sai ya karkatar da shi, ba zai shiga tanki ba.

Hanya ta biyu ita ce ta injin da masu sana'ar ke kira RO. Nan babu tafasa, ƙarfi ne zalla. Ana naɗe wani siririn tantani na roba cikin dogon farin bututu. Ƙofofinsa sun yi ƙanƙantar da ruwa kan ratsa, gishiri da ƙwayoyin cuta kuwa su tsaya a baya. Ruwan ba ya ratsawa da son ransa, sai famfo ya tura shi da matsin da ya kai na nutso mita 600 a ƙarƙashin ruwa, ko fiye. Ko da haka, ƙasa da rabin abin da aka tura ne ke fitowa ruwan daɗi. Ragowar, wanda gishirinsa ya kusa ninkuwa, a mai da shi teku. Wasu masana biyu na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles, Sidney Loeb da Srinivasa Sourirajan, su suka fara ƙera tantanin da ya yi aiki sosai, wajen 1960.

Abin dariya, ruwan da ya fito tsabtarsa yawa take yi. Lami ne a baki, kuma yana cin bututu. Dole a bi da shi ta cikin tsakuwar farar ƙasa ya ɗan kwaso ma'adini, a sa masa kulorin, sannan a tura shi ɗakuna. Ba a kuma cika kunna injinan a bakin tasha ba, inda ruwa ke cike da mai da ƙazanta. Sai an yi nisa cikin teku.

Kada ka ɗauka wannan labarin masu kuɗin Amurka ne kawai. Kakanninmu da suka bi ta Maiduguri zuwa Makka, ta Fort Lamy da Abeche har bakin Bahar Maliya da salkarsu a rataye, in sun tsallaka Jidda garin da ke fama da ruwa suke tararwa. A 1907, zamanin Daular Usmaniyya, aka kafa wa Jidda injin tafasa ruwan teku mai aiki da kwal, a 1928 kuma Sarki Abdul'aziz ya sa aka kawo sababbi biyu. Yau Saudiyya ce kan gaba a duniya wajen tace ruwan teku, kuma ruwan da alhazai ke alwala da shi a masaukansu na Makka, mafi yawansa daga tashar Shu'aiba da ke bakin teku ake turo shi. Hajiyarku da ta dawo bana, da ruwan Bahar Maliya ta yi ta wanka.

A nan Maiduguri ba mu da teku. Ruwanmu daga madatsar Alau da ke kan kogin Ngadda aka saba samo shi, sai rijiyoyin burtsatse. Amma ƙanin injin RO ɗin nan yana cikin gidajen fiya wata da dama, kuma ba ya buƙatar matsi irin na jirgi tunda ruwan burtsatse ba shi da gishirin teku. In ka samu shiga irin gidajen, nemi fararen bututan nan dogaye a jere, ka bi su da ido har ƙarshe. Inji mai aiki yana da mafita biyu, ɗaya na kai ruwa tanki, ɗaya na zubar da wanda tantanin ya ƙi. In ka ga na zubarwar a bushe alhali ana ta ɗura leda, ka tambayi mai gidan ta ina ruwan yake bi.