KUNUN SAFE MAI GINA JIKI

Yau maganarmu a kan karin kumallo ce, musamman kunun da a ke dama wa yara da safe. Ina roƙon mata su matso kusa. Kai ma maigida kada ka tashi, gama da hannunka a cikin wannan al'amari.

Mu mutanen Kura da Bunkure da Garun Malam, Allah ya yi mana ni'ima. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka jawo ruwa har gonakinmu, noma bai yanke mana ba rani da damina. Ga shinkafa, ga alkama, ga masara, ga tumatir da albasa, manyan motoci suna ta lodi. To, duk da haka sau da yawa akan kawo mana yaro ɗakin magani, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ƙafafunsa sun kumbura, ba ya wasa, sai ƙananan koke-koke. Ubansa kuwa yana da buhunan shinkafa jibge a ɗaki. In na tambayi uwar abin da ya ke ci, sai ta ce, "Koko da safe, koko da rana, da dare ɗan tuwo in ya yarda." In na ce ta nuna mini kokon, sai in ga ruwa ne tsululu, kusan ana hango gindin ƙwarya.

Ku manoma ne, kun fi ni sanin cewa ruwa kaɗai ba ya yin shinkafa. Sakar wa gona ruwa iyakar son ranka, im ba ka sa taki ba sai ka ga ganye ya yi ɗorawa, zangarniya ta fito ba nauyi. Haka jikin yaro ya ke. Hatsi yana ba shi ƙarfin zirga-zirga, amma abin da ke gina tsoka da jini da ƙwaƙwalwa wani abu ne dabam, wanda likitoci su ke kira furotin. Ana samunsa da yawa a nama, kifi, ƙwai, madara, wake da gyaɗa. In aka auna shinkafa giram 100, furotin da ke ciki bai fi giram 7 ba. Gero da alkama sun ɗan fi, suna da wajen 11 ko 12. Farin wake yana da fiye da 20, gyaɗa 25, waken soya kuwa wajen 36. Ƙwai ɗaya tak yana da giram 6. Har wa yau furotin na hatsi bai cika ba, akwai abin da ya rasa wanda ke cikin wake, shi kuma wake akwai abin da ya rasa wanda ke cikin hatsi. In aka gama su sai kowanne ya toshe giɓin ɗan'uwansa. Wadda ta fara dafa shinkafa da wake, ko ta haɗa koko da ƙosai, ta yi hikima ko da ba ta san sunan abin ba.

Wannan ciwo na kumburi ba a ƙasarmu kaɗai ya ke ba. Wata likita, Dokta Cicely Williams, ta yi bayaninsa a 1933 sa'ad da ta ke aiki a Ankara, babban birnin ƙasar da yanzu a ke kira Ghana. Yaran da ta gani an yaye su ne a kan kunun masara zalla. Mutanen wurin suna kiransa kwashiyoko, watau ciwon da ke kama yaro in an yi masa ƙane an ture shi daga nono. Mu nan mun san kwanika, mun kuma san tamowa. Yanzu likitoci sun gane ba rashin furotin kaɗai ke kawo shi ba, zawo da ƙyanda da zazzaɓi duk suna taimakawa. Amma yaron da ke samun abinci mai kyau ba safai su kan kā da shi haka ba.

Ga wani abu da ya kamata kowace uwa ta riƙe. Cikin yaro ɗan shekara ɗaya bai fi ya ɗauki kofin shayi guda ba a zama ɗaya. In kika cika kofin nan da ruwa, to, kin cika cikinsa da ruwa, ya ƙoshi amma bai ci kome ba. Saboda haka kunun yaro lalle ya yi kauri, a kuma sa masa abin gina jiki. Matsalar ita ce yaro ba ya shan abu don an ce masa yana da amfani, sai in ya ji daɗi a bakinsa. To, wane yaro ne ya taɓa ƙin nakiya, ko dakuwa, ko tuwon madara? Babu. Dubi kuwa abin da a ke yin su da shi: shinkafa, gyaɗa, madara, zuma, da kayan ƙamshi. Kayan garan amarya ke nan, mu kuwa so mu ke mu mai da su kunun kowace safiya.

Kada wani ya ce wasa na ke yi. Wannan magani na tamowa da a ke bayarwa cikin 'yar leda a asibiti, wanda aka ƙago a Faransa a 1996, wanda kuma aka ceci dubban yara da shi a Maraɗi lokacin yunwar 2005, mene ne a cikinsa? Niƙaƙƙiyar gyaɗa ce da garin madara da sukari da mai, sai waɗansu sinadarai da aka ƙara. Gyaɗar nan dai da kakanninmu suka tara dala-dala a Kano jirgi yana kwasa zuwa Ingila.

Waɗansu masu hali su kan sayi hatsin Turawan nan na gwangwani, mai suna ot, wanda a ke nomawa a ƙasashe masu sanyi. Mun sha shi a makaranta, ba ni da ta cewa a kansa, abinci ne mai kyau. Amma furotin da ke cikinsa kaɗan ya ɗara na alkamarmu, su kansu Turawan sai sun zuba masa madara. Kuɗin gwangwani ɗaya in aka sayi gyaɗa da wake da shi ya fi amfani nesa ba kusa ba.

Ga yadda za a yi. A sami gwangwanin madara don awo. A auna hatsi gwangwani 3, shinkafa ce 'yar gida, ko alkama, ko gero, ko a gauraya su. A auna gyaɗa gwangwani 1, waken soya gwangwani 1. In babu waken soya, farin wake ya yi. A wanke hatsin a rege tsakuwa, a shanya ya bushe, a ɗan soya shi sama-sama cikin kasko ba mai, yadda a ke wa shinkafar nakiya, har ƙamshi ya tashi. Gyaɗa a soya ta a murje jan ɓawon a fece. Waken soya shi ne mai son kula, gama ɗanyensa yana da wani abu da ke hana ciki narka abinci, wuta ce ke kashe shi. A tafasa shi kamar rabin sa'a, a murje ɓawon, a shanya ya bushe ƙayau, sa'an nan a soya har ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, ƙarnin ya fita. A haɗa duka a jefa 'yar citta da kanumfari biyu ko uku, a kai inji a niƙa lukui. Ban da barkono. Wannan gari furotin da ke cikinsa ya ninka na shinkafa zalla fiye da sau biyu.

A nan sai in tsaya in ja kunne game da gyaɗa. A 1960 talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila. Da aka bincika sai aka tarar abincinsu ne, da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Barazil, ya ke ɗauke da dafin wani irin fumfuna. Wannan dafi yana lalata hanta, yana kuma tsumburar da yara, suya kuwa ba ta kashe shi. Na san al'adarmu, mai kyau a kai kasuwa, tsintar da ta rage a ci a gida. Kada a yi wa yaro haka. A zauna da faifai a tsince: duk wadda ta motse, ko ta yi baƙi, ko ta yi fumfuna, ko ƙwaro ya huda, a zubar. In kika tauna kika ji ɗaci, tofar. Masara da ta sha danshi ita ma haka ne. Garin kuma a zuba shi cikin mazubi busasshe mai murfi, kada a niƙa fiye da na mako biyu, don man gyaɗa yakan sāke wari in ya daɗe.

Da safe a ɗebi garin babban cokali 3 a tsotse, domin yaro ɗaya. A dama da ruwan sanyi kaɗan, a zuba cikin ruwa kofi ɗaya da ke tafasa a wuta, a yi ta juyawa kamar minti 10. Ku lura, wannan ba koko ba ne da a ke sheƙa wa gasara ruwan zafi a ce ya nuna. Da wake a ciki, sai ya dahu a kan wuta. In akwai ƙwai a fasa a kaɗa ciki tun tukunya na bisa murhu, ya nuna sarai. Zancen da a ke yi wai yaro in ya ci ƙwai zai yi sata, na daɗe ina aikin nan ban ga ɓarawon da ƙwai ya yi ba. Madarar shanu ɗanya sai an tafasa ta. Kindirmo kuwa, ko garin madara cokali ɗaya, a bari kunun ya sha iska kāna a zuba.

Wajen zaƙi, abin da na fi so shi ne busasshen dabino, a cire ƙwallon a daka, ko a jiƙa shi tun dare a dama. Ayaba nunanna in aka murƙushe ita ma ta yi. Mazarƙwaila ko sukari, ƙaramin cokali ɗaya ya isa, daɗi mu ke nema, ba alewa ba, gama zaƙi mai yawa yana cin haƙori yana kuma kashe wa yaro cin tuwo. Zuma kada a ba wanda bai cika shekara ɗaya ba, ko lasa, don akwai wata ƙwayar cuta da kan ɓuya a cikinta wadda hanjin jariri ba ya iya mata. A ƙarshe a matsa lemun tsami kaɗan. Yana gyara ɗanɗano kamar na kunun gyaɗa, yana kuma taimakon jiki ya tsotsi abin da ke ƙara jini. In kin gama, ɗebo da cokali ki karkata shi. In ya zube shar kamar ruwa, bai yi ba. In ya tsaya ya sauko a hankali, shi ke nan.

Wata za ta ce, "Malam, ai ɗana ba ya iya haɗiye mai kauri." Gaskiya ne, akwai irinsu. Maganin wannan yana hannun masu kunun zaƙi tun tuni, watau tsiro. A jiƙa alkama ko shanshera ko gero kwana ɗaya, a tsane, a rufe da jiƙaƙƙen buhu kwana 2 ko 3 har ya tsira. A shanya ya bushe, a murje saiwar a fece, a daka. In aka sauke kunu mai kauri ya ɗan huce, a barbaɗa ƙaramin cokali ɗaya na garin tsiron a juya. Kafin ki wanke hannu za ki ga ya saki ya yi ruwa, ya ƙara zaƙi ma, alhali kuwa ba a ɗiga masa ruwa ba, abincin duka yana nan. Sai a mayar wuta ya sāke tafasa. Ban da tsiron dawa ga yara ƙanana, kun dai san abin da ɗanyen tsiron dawa ke yi wa dabba.

Jariri kuwa daga haihuwa har wata 6 nonon uwa kaɗai ya ishe shi, ba kunu, ba ruwa. Bayan wata 6 a soma da cokali 2 ko 3, ana ƙarawa sannu-sannu, nono kuma na ci gaba har shekara 2. A ba shi da cokali da kofi mai tsabta, kada a yi masa ɗura, don ɗura na shaƙe yara. Ran da aka fara in an ga ƙuraje sun feso masa, ko leɓe ya kumbura, a dakata a kawo shi mu gani. Kunun da ya wuni a buɗe kada a ba shi.

Ba yara kaɗai ba. Mai ciki da mai goyo sun fi kowa bukatarsa. 'Yan makaranta su sha kafin su fita. Mai zuwa dashen shinkafa da sanyin safiya, wanda zai wuni sunkuye cikin ruwa, in ya sha ƙwarya guda zai kai azahar bai ji cikinsa na kiran ciroma ba. Mai ciwon sukari dai ya bar zaƙin, ya kuma nemi shawararmu game da yawan da zai sha.

Yanzu sauran kai, maigida. Uwargida ba za ta dama abin da ba ka kawo ba. Ran da dillali ya zo awo, kafin a ɗinke buhu na ƙarshe, ware na gida, ka kuma sayo gyaɗa da wake tun suna da araha da kaka. Kunya biyu ko uku na wake a gefen gona ba za su rage maka shinkafa ba.

Amma wannan kunu rigakafi ne, ba ya warkar da yaron da ciwo ya riga ya ci. Danna bayan ƙafar yaro da babban yatsa, ka ƙirga uku, ka ɗaga. In wurin ya lotsa ya zauna a ƙafa biyu duka, ko ya rame ƙwarai, ko ya ƙi abinci, a kawo shi ɗakin magani ran nan, kada a jira ranar kasuwa. Muna da ɗan zaren awo da mu ke ɗaura wa yaro a damtse. In ya nuna ja, watau bai kai santimita 11 da rabi ba, za mu sa shi a magani ko mu aika da shi babban asibiti. A zo da katin awonsa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan tsargiya da wankan yara cikin magudanan ruwa.