Rawar 'Yan Sanda Wajen Faɗakar da 'Yan Makaranta Illar Shaye-shaye: Birnin Kudu da Gwaram

1.0 Gabatarwa

A wannan takarda za mu yi ƙoƙarin amsa tambaya ɗaya, wato shin ziyarar ɗan sanda makaranta ta isa ta kare yaro daga shaye-shaye? Mun ɗauki ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram misali, domin babbar hanyar da ta taso daga Kano ta nufi gabas ta ratsa Birnin Kudu, Gwaram kuma tana iyaka da Jihar Bauchi. Inda fatauci ya bi, nan ƙwaya ke bi.

2.0 Girman Matsalar

Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da gwamnatin Nijeriya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun taɓa miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda. A shekarar ce kuma gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ita ce doka ta ɗora wa yaƙin, amma a ƙauye ɗan sanda ne idon hukuma. Wannan ya sa shugaban makaranta kan fara tunawa da shi in yana neman mai ja wa yara kunne.

3.0 Darasi Daga Amurka

A 1983 rundunar 'yan sandan Los Angeles da hukumar makarantun birnin suka ƙirƙiro shirin D.A.R.E., inda ɗan sanda cikin kaki ke koyar da darasi 17. Shirin ya bazu ƙwarai, amma nazarin da aka buga a 1994 ya gano tasirinsa wajen hana shaye-shaye kaɗan ne ainun. Yara sun san sunayen ƙwayoyi da illarsu, halinsu kuwa bai sake ba. Daga 2009 aka shiga sauya manhajar.

Dalilin a fili yake. Ba jahiltar illar wiwi ko sholisho ke kai yaro gare su ba. Abokinsa ne ke miƙa masa a bayan tasha ko a gidan biki, shi kuma yana jin kunyar a ce masa matsoraci. Abin da ya rasa shi ne dabarar ƙi ba tare da ya rasa abokai ba, kuma lacca ɗaya a filin taro ba ta koyar da wannan. Shi ya sa shirin Unplugged, da aka jarraba a makarantun sakandare na tarayya, ya danƙa darussansa 12 a hannun malamin aji.

4.0 Shawarwari

Na farko, malami ya riƙe darasin mako-mako, da Hausa, ta hanyar tattaunawa da wasan kwaikwayo. Na biyu, ɗan sanda ya zo a matsayin baƙo ya bayyana doka, ba don ya tatsi sunayen masu sha ba, domin yaron da ke tsoron a kama wansa ba zai buɗe baki ba. Na uku, ƙarfin 'yan sanda ya koma kan dillalai. Na huɗu, a shigo da alarammomin tsangaya da malaman Islamiyya, tunda ba kowane yaro ke boko ba.

5.0 Kammalawa

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawar shi ne wanda ke tare da shi kullum. Saboda haka muna kira ga kwalejojin ilmi su sa wannan horo cikin manhajar ɗalibai malamai.