Wasiƙar Fam 100: Hausawan Birtaniya da Kamfanonin Fakin

Ranar Juma'a a Manchesta ko Birmingham ko kudancin Landan, wanda ya baro wurin aiki a guje don ya riski huɗuba, damuwarsa ta farko ita ce inda zai ajiye mota. Harabar masallatai da yawa ba ta ɗaukar jama'ar da ke zuwa, sai ido ya kai ga filin wani babban kanti da ke kusa. An idar da salla, an tsaya gaisawa, an tambayi mutanen gida, lokaci ya ja. Bayan kamar kwana goma sai ga wasiƙa da hoton motar tana shiga da hotonta tana fita: fam 100, ko fam 60 in an biya cikin kwana 14.

Da zarar mutum ya ɗora hoton wasiƙar a zauren WhatsApp na 'yan uwa, shawara iri biyu ke fitowa. Wani ya ce, "Malam, biya kawai, kada ka ɓata takardunka a kan fam sittin." Wani ya ce, "Alhaji, yaga ta ka zubar, ba gwamnati ba ce, babu abin da za su iya." Dukansu da kyakkyawar niyya suke magana, kuma kowace daga cikin shawarwarin nan biyu tana iya jefa mutum cikin asara.

Takardun fakin iri biyu ne a ƙasar, kuma duka ana taƙaita sunansu da PCN. Wadda ƙaramar hukuma ke bayarwa a kan titi ko a filinta tara ce ta doka, tana da nata kotunan ɗaukaka ƙara. Wadda kamfani mai zaman kansa ke aikowa daga filin kanti, asibiti ko rukunin gidaje kuwa, neman kuɗi ne bisa yarjejeniya. Hujjar kamfanin ita ce ya kafa alluna ɗauke da sharuɗɗa, kai kuma da ka shiga ka ajiye mota ka amince da su, sannan ka saɓa. Ba laifi ba ne da ya shafi 'yan sanda, ba ya taɓa lasisin tuƙi, kuma kamfanin ba shi da ikon karɓar ko kwabo da ƙarfi sai ya je kotu ya yi nasara.

To amma yana iya zuwa kotun, kuma yana iya yin nasarar. Masu cewa a yaga takarda suna riƙe da labarin da ya tsufa, ga kuma abin da ya sauya shi. A watan Afrilun 2013 wani mai shagon soyayyen kifi da dankali, Barry Beavis, ya ajiye mota a wani filin kantuna a garin Chelmsford inda aka ba da awa biyu kyauta. Ya zarce da minti 56, kamfanin ParkingEye ya nemi fam 85. Ya ƙi biya, yana mai cewa kuɗin sun fi ƙarfin duk wata asarar da ya jawo. Shari'ar ta kai Kotun Ƙoli, kuma a watan Nuwamban 2015 alƙalai suka ba kamfanin gaskiya: mai fili yana da halattaccen dalilin hana mutane daɗewa, allunan a bayyane suke, kuɗin kuma ba su wuce hankali ba. Tun daga ranar hujjar "ai ban jawo musu asarar komai ba" ta daina aiki ita kaɗai.

Kafin wannan ma, wata doka ta 2012 ta sauya lissafin a Ingila da Wales. Ita ce ta haramta wa kamfanoni ɗaure tayar mota ko janye ta a filayen da ba na gwamnati ba, amma ta ba su wata dama a madadi: in ba a san wanda ya tuƙa ba, suna iya bin wanda sunansa ke kan katin motar. Adireshinsa kuwa daga hukumar rajistar motoci ta DVLA suke sayensa a kan fam 2.50, kuma a shekarar kuɗi ta 2023/24 sun yi irin wannan nema fiye da sau miliyan 12. Sikotland da Arewacin Ireland tsarinsu daban ne, don haka shawarar ɗan uwa da ke Glasgow ba lallai ta yi wa na Leeds amfani ba.

Nan ne abin ya fi shafar mutanenmu. A gida, rigimar fakin ana yin ta ne ido da ido. Akwai maigadi ko jami'in da za a ba haƙuri, a yi bayani, a rabu. A Birtaniya kuwa kyamara ce ke karanta lambar mota, kuma komai ta gidan waya yake tafiya. Mu kuma mutane ne masu yawan ƙaura a shekarun farko na zama: ɗalibi ya bar ɗakin jami'a, iyali sun iso an nemi gida mafi girma, aiki ya koma wani gari. Da yawa sukan sauya adireshi a lasisin tuƙi su manta da katin mota, wato V5C, alhali daban ake gyara kowanne. Wasiƙu sai su riƙa zuwa tsohon gida. Haka wanda ya tafi Kano ko Damagaram hutun wata biyu, ko ya tafi aikin Hajji, yakan dawo ya tarar wa'adi ya wuce.

Yadda abin ke hawa a sannu shi ne abin tsoron. Fam 100 sukan koma 170 idan aka miƙa maganar ga masu karɓar bashi. Wasiƙunsu cike suke da jan rubutu da barazana, amma su ba ma'aikatan kotu ba ne, ba su da ikon shiga gida ko ɗaukar kaya. Bayansu akan aiko takardar gargaɗin shiga kotu mai wa'adin kwana 30, sannan takardar ƙara daga kotun gunduma, wadda ke buƙatar amsa cikin kwana 14. Kamfani yana da shekara shida na shigar da ƙara a Ingila da Wales. Idan ba a amsa ba, ana yanke hukuncin kotun gunduma, abin da ake kira CCJ, a bayan idon mutum. In ba a biya cikin wata ɗaya ba, ya zauna a rajistar bashi shekara shida. Wasu ba sa sanin yana kansu sai ranar da aka hana su hayar gida ko kwangilar waya. Neman kotu ta soke hukuncin yakan ci sama da fam 300. Ga wanda ke kan biza kuma, fom ɗin hukumar shige da fice yana tambaya ko an taɓa yanke wa mutum hukuncin bashi a kotu, kuma dole a faɗi gaskiya. Ita wasiƙar fakin ba ta taɓa takardun zaman kowa. Shirun da aka yi mata ne ke iya kaiwa ga hukuncin da za a tambaya.

Akwai kuma maganar aron mota, wadda a wurinmu ba a ƙi. Ƙane ya ɗauki motar yayansa ya kai matarsa awo asibiti, wasiƙa ta zo da sunan yayan. Doka ba ta tilasta wa mai mota ya faɗi sunan direba a irin wannan takarda, saɓanin takardar gudun wuce ƙa'ida ta 'yan sanda. Amma in kamfanin ya cika sharuɗɗan dokar 2012, nauyin ya dawo kan mai motar. Ɗaya daga cikin sharuɗɗan shi ne, idan kyamara ce ta ɗauki motar ba a manna takarda a gilashi ba, wasiƙar ta iso cikin kwana 14. Kamfanoni sukan makara, kuma idan sun makara ba su da ikon ɗora wa mai mota abin da direba ya yi. Saboda haka duba kwanan wata ya kamata ya zama aikin farko, kuma ko kusa kada a yi ƙarya game da wanda ya tuƙa.

Waɗanda na fi tausaya wa su ne 'yan uwanmu mata da maza da suka shigo a shekarun nan aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya. Suna zagaya gidaje da yawa a rana, wasu a rukunin gidajen da ke buƙatar izinin fakin. Tsohuwa ta faɗi a banɗaki, ba za ka bar ta don mota ba. Fam 100 a wurin mai irin wannan albashi kuɗin aikin yini ne sukutum, kuma shi ne abin da da an tura gida an sayi abinci. Irin waɗannan ne ke biya nan take saboda tsoro, alhali sau da yawa su ne masu hujja mafi ƙarfi.

Ɗaukaka ƙara kyauta ne. Ana fara rubuta wa kamfanin, yawanci cikin kwana 28. In ya ƙi, sai a wuce gaba zuwa hukumar sauraron ƙorafi: kamfanonin ƙungiyar BPA ana kai su POPLA, na ƙungiyar IPC kuma IAS. Wanda ya kai nan yakan rasa rangwamen farko, wannan gaskiya ne, sai ya auna ƙarfin hujjarsa. Abin da ke aiki shi ne shaida: hoton allon da bishiya ta rufe ko wanda ba ya karantuwa da dare, rasit ɗin sayayya, shaidar biyan kuɗi ko da an yi kuskuren harafi a lambar mota, takardar asibiti, wasiƙar wurin aiki. Wanda ya shiga fili da safe ya fita, ya sake dawowa da yamma, kyamara tana iya haɗe ziyarorin biyu ta mayar da su yini guda, wannan ma hujja ce. Ƙa'idar da kamfanonin suka yi wa kansu tun Oktoban 2024 ta ba da rarar minti 10 bayan ƙarewar lokaci. Hanya mafi sauƙi kuma, wadda da yawa ba sa gwadawa, ita ce zuwa wurin manajan kantin da rasit a hannu, don mai fili yana iya sa a soke takardar. Ofisoshin Citizens Advice suna taimakawa ba tare da kuɗi ba.

Ban ga adalci a tsarin da ya bar kamfanoni suna rubuta wa kansu ƙa'ida ba. Majalisa ta yi doka a 2019 don gwamnati ta fitar da ƙa'ida guda. An fitar da ita a Fabrairun 2022 da niyyar rage yawancin kuɗin zuwa fam 50, kamfanoni suka garzaya kotu, aka janye ta a watan Yuni na shekarar. Mai rauni ne ke ɗaukar nauyin wannan jinkiri, musamman baƙon da Turancin lauyoyi ke firgita shi.

Ƙungiyoyinmu na Birtaniya, da ke iya haɗa gudummawar jana'iza cikin dare ɗaya, za su iya ware mutum biyu ko uku masu karanta wa jama'a irin waɗannan wasiƙu su taya su rubuta amsa. Kwamitin masallaci kuma zai iya zama da masu filayen da ke maƙwabtaka a nemi izinin awa biyu na Juma'a da dararen tarawihi, a rubuce, da hanyar shigar da lambobin motoci, sannan liman ya sanar wane fili ne aka amince da shi, wane ne ba a amince ba.