Kalmomin Juyayi, Kewa da Hassada a Darasin Ingilishi: Abin Lura Daga Mairi, Maiduguri

Wannan sashe ya dubi kalmomi da salon maganar da Ingilishi ke bayyana juyayi da kewa da hassada da su, da kuma yadda suke karo da na Hausa a cikin aji. Mun ɗauki Mairi, unguwar da ke maƙwabtaka da Jami'ar Maiduguri a kan hanyar Bama, a matsayin misali. Yaro a nan kan tashi da Kanuri ko Larabcin Shuwa ko wani harshe a gida, Hausa a layi da kasuwa, Ingilishi kuma a makaranta, saboda haka Hausa ce gadar da malami kan bi idan bayani ya cije. Har ila yau, tun rikicin da ya ɓarke a 2009, da hijirar mutanen Bama da Gwoza a 2014, da ambaliyar madatsar Alau a Satumban 2024, ɗaliban Maiduguri sun san rashi ido da ido. Suna da abin faɗa, kalmomin Ingilishin ne suke ƙaranci.

Babbar matsalar ita ce koyarwa ta jeranto, wato a rubuta kalmar Ingilishi a hagun allo, ta Hausa a dama. A irin wannan jeri sad kan zo daidai da baƙin ciki, a wuce. Amma baƙin ciki fuska biyu gare shi. Wanda aka yi wa rasuwa yana baƙin ciki. Wanda ke jin zafin ƙarin girman da maƙwabcinsa ya samu shi ma yana baƙin ciki, shi ne ake kira ɗan baƙin ciki. Ingilishi ya raba su: na farko grief ko sorrow, na biyu envy, ko aikatau begrudge. Ɗalibin da ya rubuta he is sad about my success yana nufin hassada, mai duba takarda kuwa damuwa kawai zai fahimta.

Kishi ya fi wannan sarƙaƙiya. Bisa ƙa'ida, envy son abin da ke hannun wani ne, jealousy kuma tsoron kada a ƙwace naka, ko da yake Turawan kansu kan cakuɗa su. Kishin kishiyoyi jealousy ne, kishin ƙasa patriotism, kishin addini zeal. Abin sha'awa, jealous da zealous tushensu ɗaya ne a Girkanci, wato Hausa ta riƙe a kalma guda abin da Ingilishi ya tsaga biyu. Sannan Bature kan ce wa abokinsa I envy you cikin raha, yana nufin ya so a ce shi ne. Bahaushe ba ya cewa "ina yi maka hassada" da sunan yabo, domin hassada a wurinsa fatan gushewar ni'ima ce, zunubi kuma. Malamin da bai fayyace wannan ba zai bar ɗalibi yana jin zagi inda ba a yi ba.

A fagen rasuwa daidaiton ya fi kusa. Grief shi ne juyayin zuci, mourning abin da ake yi a zahiri kamar zaman makoki da takaba, bereavement halin wanda aka yi wa rashi, condolence kuma ta'aziyya. Yadda ake zaɓen "ya rasu" a kan "ya mutu", haka ake zaɓen passed away a kan died. Inda ake tuntuɓe shi ne sorry, wadda Ingilishin Nijeriya ya ɗora wa nauyin "sannu". A wasiƙar ta'aziyya ana bukatar cikakkiyar jimla irin I am sorry for your loss.

Kewa ita ce miss, amma miss ɗin ce kuma ake faɗa idan mota ta tashi ta bar mutum. Bege ya fi kusa da longing ko yearning, kewar gida kuwa homesickness.

Salon magana na da tasa wahalar. Hausa kan ajiye waɗannan halaye a ciki da zuciya da rai: ransa ya ɓaci, zuciyarsa ta karaya. Ingilishi ma yana da heartbroken da with a heavy heart, waɗanda ɗalibi ke kamawa nan take. Amma green with envy da feeling blue ba su da madogara a Hausa, domin kore bai haɗa komai da hassada ba, haka shuɗi da damuwa. Waɗannan sai an koyar da su dunƙule, ba tare da fassarar kalma da kalma ba.

Shawararmu ga masu tsara manhaja ita ce a gina darasin bisa yanayi: gidan makoki, wasiƙa ga ɗan'uwan da ke nesa, ɗan kasuwar da cinikin maƙwabcinsa ke ci wa rai. A fara da tambayar me Bahaushe zai ce a wurin, sannan a kawo na Ingilishi. A wuri irin Mairi, kada a tilasta wa ɗalibi ba da labarin rashinsa a gaban aji. A ba shi wani tauraro na ƙirƙira ya yi magana da bakinsa, wanda ya so kawo nasa kuma a saurare shi.