Shin Ko Kun San? Dajin Rugu

Shin ko kun san cewa dajin Rugu, wanda yau ake ambatonsa gaba na faɗuwa, keɓaɓɓen daji ne na gwamnati? Ya shimfiɗu ta yammacin Safana da Batsari, ya taɓa Ɗanmusa da Jibiya, ya zarce cikin Zamfara.

Ko kun san yankinsa na Ruma da Kukar Jangarai na cikin makiyayun farko da aka keɓe wa Fulani a Arewa? A shekarun 1960 aka yi aikin da tallafin Amurka, aka tona tafkuna da rijiyoyi a wajen Runka domin shanu su sha, a 1965 kuma gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar keɓe makiyaya. Daga baya tafkunan sun cike da yashi, noma ya ci burtali. A ganina tun daga nan ɓaraka ta soma, tun kafin a ji ƙarar bindiga.

Ko kun san giwaye sun sha ratsa wannan daji? A da suna kai da kawo tsakaninsa da dajin Babban Rafi da ke ƙasar Madarunfa a jihar Maraɗi, ba ruwansu da iyaka.

Ruwan yankin ma matafiyi ne. Kogin Karaduwa, wanda aka datse aka yi madatsar Zoɓe kusa da Dutsin-Ma a 1983, yana gangarawa cikin Bunsuru, Bunsuru ya faɗa Rima, Rima ya wuce ta Sakkwato har Kwara. Wanda ya sare kanya a bakin gulbi a ƙasar Safana, gaɓa ta zabge, yashin da ya saki sai ya je ya binne fadamar wani da bai taɓa gani ba.

Ku lura da buhunan gawayin da ake jerawa a bakin titi. Mai saye yakan ɗaga guda ɗaya ya ji nauyinsa, ya ƙwanƙwasa, in ya yi ƙara ya ce na ƙirya ne. Ƙiryar nan ta fi wanda ya sare ta shekaru. Marke ma haka yake tafiya kai-kai.

To ko kun san maƙwabtanmu na Maraɗi sun samo maganin ƙarewar itatuwa? Tun wajen 1983 manoma suka riƙa barin tohon kututture a gona, su rage rassa su bar biyu ko uku su tashi. Sassaben zamani suke ce masa. Da shi aka farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a Nijar.

Yaran Batsari da Safana da yawa sun tashi ba su taɓa shiga Rugu cin kanya ko wanka a gulbi ba, saboda tsoron 'yan bindiga. Muna roƙon gwamnatin Katsina, da hakiman yankin, Sarkin Ruma da Yariman Katsina, duk shirin zaman lafiyar da za a yi a sa gyaran tafkuna da burtali da hana saran ƙirya a ciki.