George Washington: Janar ɗin da ya sauka daga mulki da ƙafarsa

Yau za mu koma Amurka ta shekaru fiye da 200 da suka wuce, mu yi hirar George Washington, shugabanta na farko, wanda hotonsa ke jikin takardar dala ɗaya.

An haife shi ranar 22 ga Fabrairun 1732 a Virginia, lokacin yankin yana hannun Ingila. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara 11, bai je jami'a ba. Da aikin safiyo ya fara, wato awon filaye, daga nan ya shiga soja. A 1759 ya auri Martha, wata bazawara mai dukiya, ya zama babban manomi a gandunsa na Mount Vernon.

Da rigimar haraji tsakanin Amurkawa da Ingila ta rikiɗe ta zama yaƙi a 1775, shi aka naɗa kwamanda. Kada ku ɗauka nasara ya yi ta samu fa. A 1776 Turawan Ingila suka fatattake shi daga New York. A sansanin Valley Forge kuwa, cuta da yunwa da sanyi sun kashe masa kimanin soja 2,000. Gwanintarsa ita ce hana rundunar watsewa. Sai a 1781, da taimakon Faransa, ya tilasta wa Janar Cornwallis miƙa wuya a Yorktown.

To, ga inda labarin yake da daɗi. A watan Maris na 1783, hafsoshinsa sun fusata saboda majalisa ta riƙe musu albashi, har ana raɗe-raɗin tawaye. Da ya so, da shi ke nan, ga bindiga ga farin jini. Amma sai ya je da kansa ya lallashe su a Newburgh. Ranar 23 ga Disamba kuma ya tsaya gaban majalisa ya ajiye muƙamin kwamanda, ya koma gona.

A 1787 aka sake kiran sa, ya jagoranci taron rubuta kundin tsarin mulki a Philadelphia. Aka rantsar da shi shugaban ƙasa ranar 30 ga Afrilun 1789. A lokacin, kundin bai ƙayyade wa'adi ba, yana iya ci gaba da tsayawa takara har mutuwa. Amma bayan wa'adi biyu ya ce ya isa. A jawabinsa na bankwana na 1796 ya gargaɗi 'yan ƙasar game da gabar jam'iyyu da ɓangaranci. Ya miƙa wa John Adams mulki a 1797. Wannan al'ada ta ɗore har zuwa kan Franklin Roosevelt da aka zaɓa sau huɗu, sannan a 1951 aka mayar da wa'adi biyu doka.

Sai dai fa kada mu yi tuya mu manta da albasa. Mutumin da ya yi yaƙin 'yanci, bayi ne ke noma masa. Lokacin da ya rasu, ranar 14 ga Disambar 1799, akwai bayi 317 a Mount Vernon. Da wata baiwa mai suna Ona Judge ta gudu a 1796, ya sa an bi sawunta, amma bai samu an dawo da ita ba. A wasiyyarsa ya ce a 'yanta bayi 123 da ke mallakinsa, amma sai bayan rasuwar matarsa. Haka kuma a 1779 ya ba da umarnin ƙone garuruwan ƙabilun Iroquois, 'yan asalin ƙasar.

Me ya haɗa mu da wannan? Tsarin shugaban ƙasa da Najeriya ta runguma a 1979, har da wa'adi biyun, daga Amurka aka kwaikwayo shi. Kun tuna yadda batun zango na uku ya mutu a majalisar dattawa a 2006, da yadda tazarcen Tandja a Nijar ya ƙare da juyin mulki a 2010.

Yanzu ku faɗa mana: sauka daga mulki da ya yi ya isa ya rufe batun bayinsa, ko kowanne a auna shi daban? Muna jiran ku a wajen sharhi.