"In Na Samu Lokaci": Jan Hankali Ga Masu Sha'awar Rubutu a Tudun Wada

Ba kowane gari ne zai yi tinƙaho da abin da Zariya ke da shi ba a harkar rubutun Hausa. A nan Hukumar Talifi ta zauna a ƙarƙashin Dokta Rupert East, a nan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a watan Janairun 1939, a nan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, kana kamfanin buga littattafai na NNPC ya biyo baya a 1966. Mutumin Tudun Wadar Zariya kuwa maƙwabcin wannan tarihi ne, kullum yana bi ta hanyar Gaskiya. Amma ka zauna a majalisa da yamma ka tayar da zancen rubutu, za ka ji malamin makaranta da ma'aikaciyar jinya da mai shago duk bakinsu ya zo ɗaya: "Wallahi akwai littafi a kaina, in na samu lokaci zan rubuta." Wannan magana ta binne littattafai fiye da yadda gara ta cinye. Lokacin da ake jira ba zai zo ba. Wanda ya ce sai ya yi ritaya, ranar da ya ajiye aiki zai tarar da jikoki, da zaryar fansho, da ido da ya soma gajiya.

Mu duba waɗanda suka riga mu. A gasar ƙagaggun labarai ta 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, babu marubucin da sana'arsa rubutu ce. Abubakar Imam yana da shekara 22, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Yayansa, Malam Bello Kagara, malami ne. Abubakar Tafawa Ɓalewa shi ma aikin koyarwa ya kama a Bauchi. Tsakanin shiga aji da duban littattafan yara suka yi abin da har gobe ake karantawa. Gaskiya ne a 1936 an ɗauke wa Imam koyarwa, aka kawo shi Zariya ya yi kimanin wata shida yana aikin Magana Jari Ce. Masu jiran hutu suna son kafa hujja da wannan, sai dai sun manta ba a ba shi wata shidan ba sai da aka ga abin da ya iya fitarwa a cikin hidima. Tun kafin su ma, Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, wanda ya hau gadon sarauta a 1903, yana fama da mulki da Turawa, bai fasa tsara waƙoƙi ba. A Masar, Najib Mahfuz ya shafe fiye da shekara 30 yana aikin gwamnati, yana rubutu bayan an tashi daga ofis, har ya ci kyautar Nobel a 1988.

To, ta ina mai hidima zai fara? Mu an riga an yanka mana yini gida biyar, ba sai mun sayi agogon ƙararrawa ba. Zaɓi salla ɗaya ka ɗaura rubutunka a bayanta. Ga mafi yawan mutane bayan Asuba ya fi: an idar, an yi azkar, yara ba su tashi ba, babura ba su fara ƙara a titi ba. Minti ashirin sun isa. Uwar gida kuwa da wuya Asuba ta zama tata, ga kunu ga wankan 'yan makaranta. Ita gara ta nemi tsakanin Azahar da La'asar, ko lokacin da yara suka tafi Islamiyya gida ya yi tsit. Mai shago ya fi kowa sanin sa'ar da kasuwa ke mutuwa. Littafin bashi yana gefensa, biro a maƙale a kunne. Abin da ya rage kawai ya sayi wani littafin mai shafi arba'in ya ajiye a ƙarƙashin na bashin, in ciniki ya lafa ya jawo shi maimakon waya.

Kada a ɗora wa kai da yawa. Nan ne akasari ake faɗuwa. Mutum zai yi zuciya ranar Asabar ya cika shafi goma, hannu ya yi tsami, sai kuma bayan wata biyu a sake ganinsa. Rubutu kamar zubin adashi yake: abin da za ka iya zubawa kullum ba tare da ka ji a jikinka ba shi ne naka. Kalma 200 a yini, wato kusan shafi guda na littafin makaranta, in aka yi kwana 300 an tara kalma 60,000. Littafi ne sukutum, har da saura. Kuma ba dole sai labari ba. Tarihin zuriyarku da kaka ke bayarwa, yadda ake haɗa maganin da mahaifiya ta gada, farashin buhun masara a watan nan, abin da aka yi a unguwa ranar da ruwa ya ci gidaje, duk abin rubutawa ne, kuma nan da shekara 30 su za a nema a rasa. A sa kwanan wata a saman kowane shafi.

Wata dabara da ta fi ƙarfin raini: kada ka tashi sai ka san jimlar da za ka fara da ita gobe. Rubuta rabinta ka bari. Kada kuma ka haɗa rubutu da gyara a zama ɗaya. Mai gogewa yana sakewa zai ƙare minti ashirin ɗinsa a layi uku. A ware wa gyara rana guda a mako.

Yanzu ga gargaɗin, kuma ya fi shafar matasa da mata masu rubutu a waya. Waya ta sauƙaƙa abu, ba musu. Mata da yawa sun yi suna da littattafan da suke saki a WhatsApp da Wattpad, gasar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016 ta fito da wasu. Amma wayar da kake rubutu a cikinta ita ce kuma ke kiranka zuwa TikTok. Kashe data kafin ka fara. Sannan waya tana faɗawa ruwa, ana fizge ta a cikin Keke Napep, tana mutuwa a wurin mai caji. Duk ranar Juma'a ka tura wa kanka abin da ka rubuta ta imel, ko ka kwafe a takarda. Littafin takarda shi ma a ɗaga shi daga ƙasa, a sa a leda saboda damina da ɓera.

Kada a yi gaggawar watsa babi a zaurukan WhatsApp tun labari bai nuna ba. Na farko, akwai masu kwashewa su cire sunanka su sa nasu, har su sayar. Na biyu, da zarar masu karatu sun fara "Anti, ci gaba don Allah", kin zama mai yi musu aiki, za ki riƙa cika shafi don kada a yi fushi, labarin ya yi ta jan ƙafa. A yi hattara kuma da wanda zai ce a turo kuɗi ya buga littafi ko ya shigar da shi gasa, alhali ba ofis ba takardar yarjejeniya. Haka nan sirrin maƙwabta: a Tudun Wada kowa ya san kowa, canja suna kaɗai ba ya ɓoye mutum, kuma ɓata suna laifi ne da ke kai mutum gaban alƙali.

Abu ɗaya da nake ganin an yi sake da shi shi ne ƙa'idar rubutu. Abin takaici ne a garin da aka yi wa rubutun boko na Hausa gata a ga matashi yana haɗe kalmomin da ya kamata a raba, yana watsi da ƙ da ɗ da ɓ. Manhajar Gboard tana da Hausa, saitawa kawai ake yi. Wanda ke rubutu kullum da kuskure, kuskuren yake koya wa hannunsa.

Ranar fashi kuwa za ta zo: biki, rasuwa, zazzaɓi, baƙi daga ƙauye. Ba a ramuwa. In ka tsallake Talata, ran Laraba shafi ɗaya ake binka, ba biyu ba. A watan azumi a rage zuwa rabin shafi bayan sahur, ko a mayar da zaman bayan an sauko daga Asham.